Ni Na Ƙona Littattafan Japan Na Mijina

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce, muna zaune a Karu, mijina yana aiki a wata hukumar tarayya. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo, abu ɗaya ne ya shiga ransa, wato Japan. Tun kafin aurenmu wani kwas ya haɗa shi da wani injiniya ɗan ƙasar, daga nan ya kama karanta tarihinsu, kuma duk abin da ya karanta sai ya rubuta a littafi, ya sa ra'ayinsa a ƙasa. Littafi shida ya cika, masu baƙin bango, yana ajiye su a wata jakar fata. Sai ya ɗago ya ce, "Maman Hanif, kin san mutanen nan sun rufe ƙasarsu fiye da shekara ɗari biyu? Sarki na zaune a fada, amma iko na hannun sarkin yaƙi." Ni kuwa in ce, "To Allah ya ba su haƙuri, miyata na kan wuta."

Bara na yi ɓari sau biyu, jikina ya ƙi daɗi, asibiti suka ce ba su ga komai ba. Gwaggona ta zo jinya. Wata rana tana kakkaɓe tebur ta buɗe ɗaya daga cikin littattafan, sai ga shafi an ja masa layi gida-gida, kowane gida da wani zane a ciki, a sama kuma ga sunana da boko. Ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, boko ya rufe miki ido? Wannan ai hatimi ne. Wane miji ne zai zauna yana saka sunan matarsa a cikin gidajen zane, ita kuma ciki na zubewa?" Na ce rubutun Japan ne, Gwaggo. Ta ce, "Kin iya karanta shi?" Na ce a'a. Ni da digirina, ni da nake ganinsa kullum yana wannan rubutu a gabana, me ya hana ni in jira ya dawo in tambaye shi? Tsoro ne ya ci ni, ba ni da wata hujja. Ranar da ya tafi aiki Kaduna muka kai su bayan gidanmu, na zuba kananzir da hannuna na cinna musu wuta, duka shidan har da jakar.

Da ya dawo ya birkice gidan yana nema, domin daga cikinsu yake shirin tsamo abin da zai rubuta na neman sikolashif zuwa can. Ya tambaye ni, bakina ya riga hankalina, na ce, "Kamar na ga ka sa jakar a motar Malam Bashir." Malam Bashir amininsa ne tun suna makaranta, shi ke rage masa hanya zuwa ofis, kuma ashe shi ma yana neman sikolashif ɗin. Shi ke nan, mijina ya haɗa wannan da wancan ya yanke hukuncin shi ya ɓoye jakar. Yau wata biyu ko gaisawa ba sa yi, a ofis har an fara nuna bawan Allah da baki. Malam Bashir ɗin ya zo ƙofar gidanmu ya tsaya daga waje ya ce min, "Madam, ki tuna da kyau don Allah. Ni ban taɓa ganin jakar nan a motata ba." Na sunkuyar da kai na ce na manta ranar.

Shekaranjiya mijina ya zauna ya tasa abinci a gaba bai ci ba, ya ce, "Ba tafiyar ce ke cin raina ba. Shekara tara na tunanina ne a ciki. A na huɗun ma akwai inda nake koyon rubuta sunanki da haruffansu, hannuna bai faɗa ba shi ya sa ban nuna miki ba." Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji kukana.

Yanzu magana ta kai gaban limamin unguwarmu. Malam Bashir ya ce zai dafa Alƙur'ani ranar Juma'a bayan an sauko, kuma ya roƙi a kira ni in dafa ni ma, tunda ni ce na ce na gani. Mijina ya amsa nan take, wai matarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Na buga wa Gwaggo waya, ta ce in ja bakina in yi shiru, ai ga shi na warke.

Ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba, wannan na sani. In kuma na faɗi gaskiya, zai gane cewa na zarge shi da yi min asiri, na ƙona masa abin da ya fi so, sannan na raba shi da amininsa ina kallo. Yau Laraba. In same shi shi kaɗai kafin Juma'a, ko in fara zuwa wajen Malam Bashir in nemi gafararsa? Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?