Dutsen Murhu Na Uku

Inna,

Ina gaishe ki, Allah ya kai haske makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, cewa za ki yi in daina ɓarnar tawada in je in duba wuta. To, maganar wutar ce ta zaunar da ni.

Mun tashi daga Tudu. Mai gidan ya ce zai rushe ɗakunan ya yi shaguna, sai muka dawo Nima, inda mutanenmu ke ta yankar fili yanzu. Rabin wurin har yau daji ne. Autanki Sale ya gina mana ɗaki biyu na ƙasa, yana nan yana lodi a tasha, har ya yi tumbi. Ni kuma na ci gaba da sayar da wake da shinkafa yadda kika bar mini. Wasu 'yan dako suna biyo ni har nan, su ci su ƙoshi, sannan su ce hannuna bai kai naki ba. Ba na musu.

Abin da ya kamata ki sani shi ne, duwatsun murhunki biyu ne kawai suka zo Nima. Ranar da za a kai ki, maza suka ce a nemo dutsen alama, don maƙabartar yashi ce, damina ɗaya ta isa ta shafe kabari. Sale ya waiga tsakar gida, ya ga duwatsu uku cikin toka, ya ɗauki ɗaya. Namiji ne, a wurinsa dutse duk dutse ne. Ban lura ba sai ranar sadakar uku, da na ɗora babbar tukunya ta karkace, ruwa ya kashe wutar. Kin san wanda ya ɗauka? Mai doron nan, wanda kike juya wa iskar teku don kada hayaƙi ya cika ɗaki.

Tun daga ranar nake fama da neman murhu, kowa da tasa shawarar. Sale ya sayo kurfoti, murhun gawayi na ƙarfe, yana ta yabonsa. Ya yi daidai da shayin gwauro, amma tukunyarki ta fi ƙarfinsa, kuma wake itace yake so, ba gawayi ba. Na gwada marmarar Nima, ta sha wuta ta rududduge. Sai Sale ya ɗauko wani dutse sumul daga bakin teku. Yana yin zafi ya fashe da ƙara, maƙwabta suka fito a guje, rabin abincin ranar ya tafi ƙasa. Na yi kwanaki ina tokare tukunya da guntun bulo, ina tsaye a kanta kamar mai jinya.

Da abin ya ishe shi, Sale ya ce zai je maƙabarta ya ɗauko dutsen, ya kafa ice a madadinsa. Ba zan ɓoye miki ba, na so in ce to. Tukunyar nan ce ke ciyar da gidan. Amma ice a ƙasar nan, wata nawa zai yi gara ba ta cinye shi ba? Shi kansa Sale da dutsen yake gane ki cikin kaburbura. In ya tafi, wa zai san inda kike? Ni dai mace ce, ba a kai ni ba, ba kuwa za a kai ni ba sai ranar tawa.

A ƙarshe Dede ce ta raba gardamar. Maƙwabciyarmu ce, 'yar ƙabilar Ga, dokunu take dafawa, tuwon masararsu da ake naɗewa a ganye. Ta kwaɓa yumɓu ta gina mini murhu irin nasu a tsakar gida, mai kawuna uku. Biyu mun binne duwatsunki a ciki, na ukun yumɓu ne zalla, na sa ta yi masa doro. Yana son shafe da jar ƙasa a kai a kai, in ba haka ba ya tsage. Amma tukunya ta zauna, hayaƙi yana bin hanyarsa.

Saura magana ɗaya, wadda ban taɓa faɗa miki ba. Ni ce 'yar fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa yi mini dariya a gaban mutane ba. Haka aka saba, ban yi fushi ba. Amma kullum in kin kwashe abinci, sai in tarar da ƙanzo a ɗan kwano a rufe, a kan dutsen nan mai doro, inda zai daɗe da ɗumi. Kina tsammani na ɗauka mantuwa ce? Na sani tun ina ƙarama. Ban yi godiya ba don na san in na yi, kunya za ta sa ki daina. Ina kewarki, Inna, musamman lokacin kankare tukunya.

Ban ga kabarinki ba, amma ba wanda ya kai ni sanin dutsen da ke kansa. Na ce wa Sale ya bar miki shi. Abin da na roƙe shi kawai, in ya je ziyara ranar Juma'a, ya juya doron wajen teku.

Allah ya jiƙan ki, ya sada mu da alheri.

'Yarki ta fari, mai cin ƙanzo.