Man Kaɗanyar Umma

Daren Laraba, Panyu

Yau a ajin alkafura da nake koyarwa a unguwar Tianhe, wata yarinya ta sauko daga sandar lilo, tafin hannunta ya tsage. Uwarta ta rugo da man shafawa, sai na ji bakina ya ce, "Bari, zai kashe mata kantar hannu, da ita take riƙe sanda."

Haka na riƙa yi wa Umma. Kullum in na dawo daga atisaye sai ta ɗauko man kaɗanya ta ce, "Kawo hannun, 'yar nan." Ni kuwa in fizge, wai gasar alkafura ta matso.

Yanzu na bar gasa, hannuna ya yi laushi yadda take so. Allah ya jiƙan Umma. Ashe ba shafa man ne ya dame ta ba, hannun take son riƙewa.