Modem a Tagar Isaka

Bawku, daren Laraba

Yau ma ban ga Inna da kyau ba. An kira daga Salaga, fuskarta ta fito a kwamfuta, ta rame, tana cewa "Ɗan nan," sai data ta ƙare. Jiya fa na saya.

Modem ɗina, na'urar da ke ba ni intanet, yana tagar maƙwabcina Isaka, don sabis ba ya shiga ɗakina. Na tambaye shi ko shi ya cinye datar, ya yi dariya: "Haba maigida, ni da ko kunna shi ban iya ba?" To, muryar ɗansa na Kumasi da nake ji ta bango kullum fa?

Ban ɗauke modem ɗin ba. Tagarsa ce, wutarsa ce, kuma ban kama shi ba. Amma na cire sim ɗin da ke ciki, yana aljihuna har sai na ga Inna gobe.