Keken Ɗinki a Saman Gadona

Yaya Delu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake.

Jiya a kamfani aka koya mana dabarun tsira daga girgizar ƙasa, har da cewa kada mutum ya kwanta ƙarƙashin kaya masu nauyi. Mudir ya leƙa ɗakinmu, ya ga keken ɗinkin da kika sa na saya a saman gadona, ya ce yalla in sauke. Garin saukewa ya faɗo mini a kafaɗa. Da sauƙi, sai dai da hannu ɗaya nake alwala. Kada Inna ta ji.

Don Allah saƙon sayayya ya isa haka. Ƙasar Riyad ko motsi ba ta yi ba, Yaya, kayanku ne suka fara danne ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki, Lawali