Kujerar Mai Aski

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya dafa maka a aikin koyarwa. Inna tana lafiya, ƙafar Goggo ma da sauƙi.

Na ga wasiƙarka da bayanin kalmar nan ta Turanci, repartee. Ka ce tana nufin mayar da magana nan take cikin raha, kuma ta samo asali daga masu wasan takobi na Faransa: a kawo maka sara, ka kare, ka rama kafin a janye hannu. Wallahi kamar ka san abin da ke cin raina.

Ka san tun da ciwon nan ya taɓa Baba harshensa ya yi nauyi. Wata biyu da suka wuce na raka shi wurin mai askin bakin layinmu, mutumin da ba ya sakin ba'a sai ya ɗora maka aska a maƙogwaro, lokacin da ba ka da halin motsa baki. Baba ya so ya ce a rage masa gemu, maganar ta maƙale. Sai mai askin ya ce wa masu jira su je su ci abinci su dawo, kafin nan Baba ya ƙarasa. Aka kwashe da dariya. Tun ranar Baba ya daina magana da mutane, ko a shagonsa na kafinta sai nuni da hannu. Ni kuwa na ƙullaci mai askin, kullum ina neman maganar da zan ƙona shi da ita, ban samu ba.

Sai ga ƙafar kujerar askinsa ta karye, kuma Baba ne ya ƙera ta, ba mai iya mata sai shi. Da mai askin ya kawo ta shago, na jefa ta bayan katako na kulle. Mako uku ke nan yana zaunar da mutane kan bokiti, rabinsu sun gudu. Jiya ya zo yana sosa ƙeya, yana tambaya yaushe za a gama. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Je ka... ci abinci... ka dawo."

Yaya, ka duba littattafanka ko saran da aka rama bayan wata biyu yana shiga wannan kalma. In bai shiga ba, ka samo mana wata. Makulli dai yana aljihuna, kujera ba ta fita sai ya durƙusa gaban Baba.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Inna da Goggo suna gaisuwa. Baba ma ya ce a gaishe ka, kuma da bakinsa ya faɗa.

Ƙaninka,
Auta