Tambarin 'Yan Sa-kai a Ƙohwar Mota

Wurno, Asabar da dare.

Surukina ya ara muna motarshi mu kai albasa Goronyo gobe, amma ga tambarin 'yan sa-kai manne a ƙohwa. In mutanen daji, wato 'yan bindiga, sunka gan shi bisa hanya, ba su tambayar wa ke ciki.

Sani direba ya zaro reza. Na ce, "Mi za ka yi, ɗana? In ka kankare hwentin suruki, wa za ya ba shi haƙuri?" Munka jiƙa tambarin da ruwan zahi, na ɓare shi sannu da yatsa, man gyaɗa ya ɗauke sauran gam.

Hwenti lahiya lau, alhamdulillahi. Sai dai wurin ya hi sauran jikin mota haske, zanen tambarin na nan ɓaro-ɓaro. Na shahwa mishi laka. Ga hadari kuma ya haɗo gabas. Ni da ke roƙon ruwa tun wancan mako, yau ina roƙon ya dakata.