Ɗakin Inna a Bakin Kududdufi

Kaduna, 2 ga Mayu, 1976

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da Malam, da yara.

Zuwan da na yi gida Tudun Wada ya tayar mini da hankali. Masu tifa sun yi ta kwasar marmara a kududdufin bayan gidanmu har sun cinye gindin gaɓar da ɗakin Inna yake kai. Na auna ta, na kai ƙasarta ofis an gwada, na duba ruwan da aka yi a Zariya shekara ashirin. Lissafi ya nuna a cikin gaɓa biyar irin wannan, ɗaya za ta rufta a damina guda. Don Allah ki ɗauke Inna zuwa wurinki kafin ruwa ya sauka.

Ƙanenki,
Muntaka

Kwangila, 15 ga Mayu

Injiniya manya!

Muna amsawa. Na karanta wa Inna takardarka. Ta ce: "Huɗu suna tsaye, shi ne ya zaɓo mini ta biyar? Boko ya koma duba ke nan?" Kai ma ka bar kwana-kwana. Za ta rufta ko ba za ta rufta ba?

Yayarka,
Larai

Kaduna, 22 ga Mayu

Yaya, gaisuwa mai yawa. Wallahi ban sani ba, Allah kaɗai Ya sani. Amma da za a ajiye miki kwano biyar a ce ɗaya da guba, za ki miƙa wa Inna ko ɗaya? Tsoro nake ji, Yaya.

Muntaka

Kwangila, 20 ga Oktoba

Muntaka,

Bayan gaisuwa. Sai da na yi mata kuka ta biyo ni, ka sani. To, damina ta wuce, ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Wata biyar Inna tana zaune kamar baƙuwa, ba maƙwabtanta na shekara arba'in, ba mai leƙowa hira. Ta rame har zanenta ba ya zama. Jiya ta koma ɗakinta. Tana shiga ta ci tuwo malmala biyu. Ban yi ƙoƙarin hana ta ba.

Larai

Kaduna, 28 ga Oktoba

Yaya, alhamdu lillahi da gaɓar ta tsaya. Amma tsayawar bana ba ta ce komai game da baɗi ba, ga shi har yanzu ana haƙa. Na kai ƙara wurin hukuma, sun ce a jira. Ki sake roƙon Inna ta tashi.

Muntaka

Tudun Wada, 9 ga Mayu, 1977

Ƙanena,

Ina gaishe ka. An yi ruwan farko jiya. Na roƙe ta har na gaji, ta ce in an fitar da ita daga ɗakin nan, to a makara ne. Na san gaskiyarka, ita ma na san tata. Malam ya ba ni izini, na kwaso kayana na tare a ɗakinta har kaka.

Ka sake lissafinka, mu biyu ne yanzu. Ka sa mu a addu'a.

Yayarka,
Larai